Kafin ka sayi fili a bakin tabkin Madarunfa

 Ga taƙaitaccen abin da muka tattauna a shirin wannan mako, don wanda bai samu kama tashar ba.

Duk wanda hayaniyar Maraɗi ta ishe shi, in ya je Madarunfa sai ransa ya biya. Tafiyar ba ta kai kilomita 30 ba, ga iska mai sanyi, ga kifi ɗanye, ga lambunan rani, ga kuma albarkar waliyyai 99 da ake cewa suna kwance kewaye da tabkin. Dillali kuma zai ƙara maka da zancen layin dogon Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a 2021, ya ce ka yi maza kafin fili ya yi tsada. To, malam, dakata tukuna. Sayen fili a bakin ruwa ba kamar sayensa a tudu ba ne.

Abu na farko, ruwan kansa. Tabkin da ka gani a watan Afrilu ba shi ne na watan Satumba ba. Da rani yana janyewa ya bar fili shimfiɗe kamar tabarma, da damina kuma gulbi ya kawo ruwa ya karɓe kayansa. Shi ya sa mai son yi maka wayo da bazara yake kai ka gani. Kai kuma ka ce sai ka sake dawowa a ƙarshen Agusta. In ba ka iya jira, dubi gindin itatuwa da katangun maƙwabta, ruwa yana barin shaidarsa. Tambayi masunta da masu lambu, ka ce: "A 2024 ina ruwa ya tsaya?" Waccan shekara jihar Maraɗi na cikin waɗanda ambaliya ta fi yi wa ɓarna a Nijar, kuma mutanen wuri ba su manta ba.

Na biyu, ba kowane fili ba ne na sayarwa. Tabki da gaɓarsa dukiyar al'umma ce a hannun hukuma, ba mai ikon sayar maka da su ko da kakansa ya yi noma a wurin. Haka burtali da mashayar dabbobi. In ka gina a kan hanyar da shanu ke bi su sha ruwa, rigima ka saya da kuɗinka, kuma ranar shari'a doka ba ta bayanka.

Na uku, takardu, kuma nan ne ƴan uwanmu na Najeriya suka fi ruɗewa. A can, dokar filaye ta 1978 ta sa ƙasa a hannun gwamna, shi ke ba da takardar C of O. A Nijar tsarin daban ne. Dokar karkara ta 1993 ta amince da mallakar gado, ta kuma kafa kwamitocin filaye da ake kira Kofo, daga ƙauye zuwa ƙaramar hukuma har gunduma. In gona ce ko filin gado, a yi cinikin gaban mai gari da shaidu, a rubuta takardar sayarwa, Kofo ta shigar da ita a littafinta. In kuwa filin yana cikin wanda hukuma ta yanka don gidaje, nemi takardar bayarwa ta ma'aikatar magajin gari, ka je da ƙafarka a duba lambar filin da sunan mai shi a rajista. Kada ka yarda da hoton takarda a WhatsApp. Mafi ƙarfin duka ita ce takardar mallaka ta dindindin, titir fonsiye. Tana cin kuɗi da lokaci, amma ita ke sa ka barci.

Filin gado kuwa, a yi hattara sosai. Sau da yawa ɗa guda ne ke sayarwa, ƴan uwansa suna ci-rani, mata kuma ba a ko tambaye su ba. Bayan ka zuba bulo sai ga magada sun dawo. Tambaya ɗaya ce: an raba gadon? In ba a raba ba, kowane magaji ya sa hannu, ko ka haƙura. Sannan a kawo mai awo ya kafa duwatsun iyaka gaban maƙwabta kafin ka biya cikon kuɗi. A rubuta farashi da sefa, don in an yi magana da naira canji na iya juyawa kafin ka gama biya.

Yanzu zaman kansa. Inda ruwa yake, sauro na nan, don haka gidan sauro da raga a tagogi dole ne. Yaran da ke wanka a ruwan da ba ya gudu suna iya kamuwa da tsargiya. In ka ga jini a fitsarin yaro, a tafi likita, akwai magani. Ruwan ƙasa yana kusa, rijiya ba ta wuyar haƙa, amma saboda haka ne masai ke iya gurɓata ta in sun yi kusa da juna. Ƙasar laka kuma tana kumbura da damina ta tsattsage da rani, ita ke tsaga bango. A ɗaga harsashi, kada a yi rowar siminti a ƙasa a kai shi ga ado.

Shirun wuri ma a bincike shi. Wasu ƙauyukan gundumar da ke dab da iyaka sun sha fama da ɓarayin shanu da masu garkuwa da mutane. Kwana biyu a unguwar zai gaya maka abin da dillali ba zai faɗa ba. Mai zama a Najeriya kuma ya tuna an rufe iyaka daga 2023 har Maris na 2024. Wa zai duba maka gida in hanya ta sake toshewa?

Ba muna hana ku ba ne, Madarunfa wuri ne mai daɗin zama ga wanda ya sayi tudu da takarda mai kyau. A mako mai zuwa za mu duba haya da jinginar lambu. Ku aiko da tambayoyinku.