Gado da Wasiyya a Ingila ta Ƙarni na 15

A Ingila ta ƙarni na 14 da na 15, dukiyar mamaci hanya biyu take bi. Ƙasa, wato gonaki da filaye, tana hannun kotunan sarki, kuma doka ta hana a yi wasiyya da ita. Babban ɗa ke gaje ta duka. In babu namiji, 'ya'ya mata su raba daidai. Matar mamacin kuwa tana cin amfanin sulusin ƙasar muddin tana raye. Wasu wurare suna da tasu al'adar: a Kent duk 'ya'ya maza ke rabawa, a Landan kuma ana iya wasiyya da gida.

Kayan da ake iya ɗauka, irin su kuɗi, shanu, tukwane da tufafi, kotunan coci ke kula da su, su ke tabbatar da wasiyya. A arewacin ƙasar da Landan ana kasa kayan uku: ɗaya na mata, ɗaya na 'ya'ya, na ukun shi ne wanda mai dukiya ke da ikon bayarwa. Daga nan ake biyan limamai su yi masa addu'a, a saya wa coci kyandir, a gyara gada, a ciyar da matalauta.

To, mai gonaki da yawa ya zai yi da ƙananan 'ya'yansa? Dabarar da ta yaɗu ita ce amana. Tun yana da rai sai ya miƙa ƙasarsa ga amintattun mutane. A doka ta zama tasu, amma shi ke cin amfaninta. Sai ya rubuta musu abin da za su yi bayan ransa: a biya bashi, a aurar da 'yarsa, a ba ƙaramin ɗa gona kaza. Da yake bai mutu da ƙasa a hannunsa ba, babu abin da babban ɗa zai gada kai tsaye. In amintattun suka ci amana, sai kotun Cansila, babban jami'in sarki, ta tilasta musu.

Sarki ne ya yi asara, domin kuɗin da yake karɓa duk lokacin da aka gaji ƙasa ya ragu ƙwarai. Sarki Henry na Takwas ya sa majalisa ta toshe wannan ƙofa a 1536. Masu ƙasa suka fusata, kuma da gaskiyarsu, don an rufe musu hanyar da suke bi wajen yi wa sauran 'ya'ya tanadi. A 1540 aka yi dokar da ta halatta wasiyya da yawancin ƙasa.