Dogon Da Ya Bar Gindin Kwando

A da, wurin ɗan tsakiya a ƙwallon kwando sananne ne: gindin kwando. Shi ne ya fi kowa tsayi, can yake cin maki, can yake tare ƙwallon abokan hamayya. Tun a 1979 gasar NBA ta Amurka ta shata layin maki uku, amma dogaye ba su ko kalle shi ba. Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas, sau 25 kacal ya ci daga bayan layin har ya yi ritaya. Shaquille O'Neal kuwa sau ɗaya tak.

Sai ga Brook Lopez. Kakar wasa takwas ya yi wa ƙungiyar Nets, ƙwallo uku kaɗai ya zura daga nesa. A kaka ta tara, 2016-17, ya zura 134. Da ya koma Milwaukee Bucks a 2018, ya kai 187.

To, da me za a auna dogo irin wannan? Mutane sukan fara da kaso. Wanda yake cin 35 cikin ɗari daga bayan layi yana kawo maki 105 a jifa ɗari, daidai da mai cin 52 da rabi cikin ɗari daga kusa. Lissafin daidai ne, sai dai bai gama magana ba. Dogon da yake cin 40 cikin ɗari amma jifa ɗaya yake yi a wasa, ba wanda yake tsoronsa. Mai gadinsa zai bar shi can shi kaɗai, ya koma gindin kwando ya toshe hanya.

Don haka, a ganina, idan kana son sanin darajarsa, ɗauke ido daga ƙwallo ka kalli ƙafafun mai gadinsa. Ya fito ko bai fito ba? Mai gadin ɗan tsakiya galibi shi ne katangar ƙungiyarsu. In tsoron jifa ya janyo shi mita bakwai daga kwando, ƙofa ta buɗe ke nan. Abin da Lopez ya yi wa abokin wasansa a Bucks, Giannis Antetokounmpo, ke nan, ɗan wasan nan na Girka da iyayensa 'yan Najeriya ne, wanda ƙarfinsa yana wajen kutsawa. A kakarsa ta farko a Bucks, Lopez yana jefawa wajen sau shida a wasa, wani lokaci ma da tazara a bayan layin, dole a bi shi. Giannis ya samu fili, ya zama gwarzon gasar a 2019 da 2020, Bucks kuma ta ɗauki kofi a 2021. Makin da Giannis ya ci ta wannan ƙofa, takardar ƙididdiga ba ta rubuta wa Lopez ko ɗaya ba.

Akwai abin da ake rasawa. Dogon da yake tsaye a nesa ba zai cafke ƙwallon da ta ƙi shiga ba. Kuma in ba ya iya tsaron gidansu, gara a sa gajere da ya fi shi saiti. Lopez ya tsira daga wannan zargi: a kakarsa ta farko a Milwaukee yana doke ƙwallo fiye da biyu a kowane wasa kafin su isa kwando.