Mol: Gadar Da Ke Tsakanin Giram Da Adadin Atam

'Yan'uwa ɗalibai, lissafin mol yana cikin abubuwan da ke yawan fitowa a jarrabawar Kemistiri ta WAEC da NECO da JAMB, kuma da yawanmu a nan muke zubar da maki. Lissafin ba shi da wuya idan muka gane me ake nufi da mol.

Mol adadi ne, kamar dozin. Dozin 12 ne, ko na ƙwai ko na biro. Mol ɗaya kuwa 6.02 × 10²³ ne. Ana kiran wannan adadi lambar Avogadro, don tunawa da masanin nan na Italiya, Amedeo Avogadro, wanda ya rasu a 1856. Atam, wato ƙwayar zarra, ya yi ƙanƙantar da ba a iya ƙirga shi ɗaya-ɗaya, sai dai a auna a sikeli a yi lissafi.

Dozin ƙwai da dozin kankana adadinsu ɗaya, amma nauyi ya bambanta. Haka mol ɗaya na kabon, sinadarin da ya fi yawa a gawayi, giram 12 ne, na ƙarfe kuwa giram 56. Jadawalin sinadarai ke ba mu waɗannan lambobi.

Dokar ita ce, ba a tsallakawa daga giram zuwa atam sai an bi ta kan mol:

1. Giram zuwa mol: mu raba da nauyin mol ɗaya.
2. Mol zuwa atam: mu ninka da 6.02 × 10²³.
3. In za mu dawo baya, sai mu juya: mu raba da 6.02 × 10²³, sannan mu ninka da nauyin mol ɗaya.

Misali, atam nawa ne a ƙarfe mai giram 28? 28 ÷ 56 = mol 0.5. Sai 0.5 × 6.02 × 10²³ = atam 3.01 × 10²³.

Ga inda tarkon yake. Ruwa, H₂O, mol ɗayansa giram 18 ne, don haka giram 36 mol 2 ke nan, wato 1.204 × 10²⁴. Amma wannan adadin molakul ne. Kowane molakul na ruwa yana da atam 3, haidurojin 2 da oksijin 1. In atam aka tambaya, sai mun ninka da 3, mu sami 3.612 × 10²⁴.

Saboda haka mu karanta tambaya sau biyu kafin mu taɓa kalkuleta.

Ga na gwaji: atam nawa ne a giram 6 na kabon? A miƙa amsa ga wakilin kulob na ajinku. Allah Ya ba mu sa'a.