Agogon GPS: Me yake aunawa, me yake kintata, kuma wa yake kai wa rahoto?

Duk wanda ya saba fita da sanyin safiyar Asabar zuwa bakin tafkin Jabi a Abuja, ko dandalin Murtala a Kaduna, ko titin filin sukuwa a Kano, zai lura da wata sabuwar al'ada a tsakanin masu motsa jiki. Kafin mutum ya ɗaga ƙafa sai ya tsaya cik, ya ɗaga tsintsiyar hannu, ya latsa agogo, ya jira ya kama tauraron ɗan'adam, sannan ya fara sassarfa. Da yawa daga cikinsu ma'aikatan banki ne, da malaman jami'a, da lauyoyi, da manyan jami'an gwamnati, waɗanda zaman ofis da zaman mota suka tara wa teɓa, likita kuma ya ja musu kunne game da hawan jini ko ciwon suga. Wannan farkawa abin a yaba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojin da ta fitar a shekarar 2020, ta shawarci baligi ya samu minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a kowane mako, kuma duk na'urar da za ta taimaka wa mutum ya cika wannan adadi ba a banza take ba.

Sai dai sayen agogon ya zama cinikin biri a sama ga mafi yawanmu. Ana saye ne don an gani a hannun wane, ko don mai shago ya jero abubuwa ashirin da ya ce agogon na iya yi. Alhali abubuwan da ke cikin wannan na'ura kashi biyu ne: akwai waɗanda take aunawa da gaske, akwai waɗanda kintata kawai take yi. Wanda bai bambance su ba, ko dai ya yi asarar kuɗinsa, ko ya dogara da lambar da za ta yaudare shi a kan lafiyarsa.

Bari mu fara da GPS ɗin kansa. Tsari ne na rundunar sojan Amurka, wanda ya ƙunshi taurarin ɗan'adam fiye da 24 da ke kewaya duniya a nisan kilomita 20,200 daga ƙasa. Kowane tauraro yana aiko da saƙo mai ɗauke da lokaci da kuma wurin da yake. Agogon yana sauraron aƙalla guda huɗu, ya lissafa jinkirin da kowane saƙo ya yi kafin ya iso, daga nan ya gano inda mai shi yake tsaye. Sauraro kaɗai yake yi, ba ya aika komai sama, shi ya sa ba ya buƙatar layin waya ko data. Kafin watan Mayun 2000, Amurka da gangan take gurɓata saƙon da farar hula ke samu, har kuskuren yakan kai mita 100. Shugaba Bill Clinton ne ya ba da umarnin a daina, kuma shekara uku bayan haka, a 2003, kamfanin Garmin ya fitar da agogonsa na farko na 'yan gudu mai suna Forerunner. A yau Amurka ba ita kaɗai ba ce a sama: Rasha na da GLONASS, Tarayyar Turai na da Galileo, Sin kuma ta kammala nata BeiDou a 2020. Agogon kirki yana iya sauraronsu tare.

A nan ne tarko na farko yake. Agogunan da suka cika kasuwannin waya, waɗanda ake sayarwa da araha a kwalaye masu ƙyalli, da yawansu an rubuta musu GPS a jiki, amma babu na'urar a cikinsu. Na wayar mai shi suke ara. Ka bar wayar a gida, agogon ya koma ƙirga girgizar hannu yana ƙiyasta nisa. Gwada shi ba wuya. A kashe haɗinsa da waya, a fita fili, a yi tafiyar minti goma, sannan a duba ko ya zana hanyar da aka bi. Wanda ke kusa da filin wasa yana da ma'auni mafi kyau, domin layin ciki na filin tsere mita 400 ne cif. Zagaye biyar kilomita biyu ke nan, kuma agogon da ya nuna abin da ya yi nisa da haka ya tona asirin kansa. Araha dai ba ta ado.

Masu tsada kuma suna tallata cewa suna karɓar saƙo ta zango biyu, waɗanda ake kira L1 da L5. Amfanin wannan shi ne tace saƙon da ya bugi dogon gini ko dutse ya dawo. Ga mai gudu a tsakanin benayen tsakiyar birni ko cikin kurmi, yana da rana. Ga mai zagaye unguwar GRA da asuba, inda sama take buɗe, ƙarin kuɗi ne kawai.

Abu na biyu, wanda a ganina ya fi kowane muhimmanci ga mazaunin ƙasar nan, shi ne batir. Kamfanonin da ke ƙera waɗannan agoguna sun ɗauka cewa kowa na da wutar lantarki a gefen gadonsa kowane dare. Apple Watch da Galaxy Watch na Samsung ƙananan wayoyi ne da aka ɗaura a hannu: suna amsa kira, suna karanta saƙo, fuskarsu tana haske kamar talabijin, amma mafi yawansu kwana ɗaya ne ko biyu sai su nemi caji. Agogunan da aka yi musamman don wasanni, irin na Garmin, Coros, Polar da Suunto, da wasu na Huawei da Amazfit, sukan yi mako guda zuwa biyu, wasu ma su zarce, kuma akwai masu ƙara caji da hasken rana. Mai saye ya nemi lambobi biyu a jikin kwali, kada ya tsaya a ɗaya: kwanakin da agogon zai yi yana zaman agogo, da kuma awannin da zai yi GPS na kunne. Na biyun ne gaskiyar magana, kuma kullum ya fi ƙanƙanta ƙwarai.

Zafi ma abin dubawa ne. Kamfanin Apple da kansa ya ce agogonsa na yau da kullum ya fi aiki daidai tsakanin digiri 0 zuwa 35 a ma'aunin salshiyos, alhali a Sakkwato da Maiduguri zafin watan Afrilu yakan haura 40. Haka nan, kafin a biya kuɗi, a tabbatar agogon na jituwa da wayar da ke aljihu. Apple Watch ba ya aiki sai da iPhone, agogunan Samsung daga na 2021 zuwa yau kuma ba sa aiki da iPhone. Game da ruwa, alamar 5 ATM na nufin ana iya ninƙaya da shi, balle gumi ko ruwan alwala. Madaurin fata dai ba ya daɗewa a hannun da ke jiƙewa sau biyar a rana; na roba ya fi.

To, yanzu ga ɓangaren kintace. Idan ka kifa agogon za ka ga koren haske yana walƙiya a bayansa. Da shi yake leƙen yadda jini ke kai-komo a ƙarƙashin fata, ya ƙirga bugun zuciya. A 2017 masu bincike a Jami'ar Stanford ta Amurka sun gwada irin waɗannan na'urori guda bakwai. A bugun zuciya, shida daga ciki kuskurensu bai kai kashi 5 cikin 100 ba. Amma a lissafin kalorin da jiki ya ƙone, wadda ta fi kowace ƙoƙari ta kauce da kashi 27, mafi muni kuwa da kashi 93. An samu ci gaba tun daga lokacin, amma har yau lambar kalori ƙiyasi ce da aka gina a kan nauyi da shekaru da bugun zuciya. Wanda ya dube ta ya yanke wa kansa hukuncin cewa ya cancanci ƙarin malmalar tuwo, da kansa ya yi wa kansa wayo.

Akwai kuma batun da ya shafe mu kai tsaye, wato launin fata. A ƙarshen 2020 wani bincike na Jami'ar Michigan ya nuna cewa 'yar na'urar da asibitoci ke maƙala wa a yatsa don auna iskar oksijin ta fi ɓoye ƙarancinsa a jikin baƙaƙen fata, kusan ninki uku a kan farare. Idan kayan asibiti mai aiki da haske na iya yin haka, bai kamata a ɗauki lambar oksijin ta agogo a matsayin hukuncin likita ba.

Mafi haɗari su ne agogunan da ke iƙirarin auna suga a jini ba tare da huda fata ba. A watan Fabrairun 2024 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta fito fili ta gargaɗi jama'a da kada su yi amfani da su, ta ce ba ta amince da ko guda ɗaya ba. Duk da haka ana ci gaba da tallata su a kafafen sada zumunta, ana saya wa iyaye a matsayin tsaraba. Dattijon da ke allurar insulin, idan ya auna maganinsa da lambar da irin wannan agogo ya ƙirƙira, ransa ne a kan siraɗi. Hawan jini ma kusan haka ne. Na Samsung sai an daidaita shi da awon damtse na gaskiya duk bayan mako huɗu, na Apple kuwa da ya fito a 2025 ba ya ba da lamba, sai dai ya ankarar da mutum ya je a duba shi. Saboda haka agogon da ba a san kamfanin da ya ƙera shi ba, amma kullum yake nuna 120 bisa 80, ya cancanci tuhuma.

Hatta taku 10,000 da agoguna ke tsokanar mutane da shi, ba daga ɗakin bincike ya fito ba. Sunan wata na'urar ƙirga taku ce da wani kamfanin Japan ya fitar a 1965, ma'anarsa "ma'aunin taku dubu goma", talla ta mai da shi doka. Binciken da Jami'ar Harvard ta jagoranta a 2019 a kan mata tsofaffi ya ga amfani tun daga taku 4,400 a rana, amfanin kuma ya daina ƙaruwa sosai a wajen 7,500.

Wanda ke da niyyar fita daji, ko hawan tsaunukan Shere a Jos, ko tudun Mambila, ko Chappal Waddi mai tsawon mita 2,419 a gandun Gashaka Gumti, buƙatarsa daban ce. Ya nemi mai taswirar da ake saukewa a ajiye a cikinsa, mai iya maido da shi ta sawun da ya bi, mai auna tudu da matsin iska, mai maɓallai na gaske, domin fuskar shafawa ba ta jin yatsa mai gumi. Amma ya sani cewa sanin inda kake daban, sanar da wani daban. Inda babu sabis ɗin waya, agogo na yau da kullum zai nuna maka wurin da ka ɓata daidai, amma ba zai kira maka kowa ba.

Wannan ya kawo mu ga tambayar da kusan babu mai yi wa mai shago: ina bayanan suke zuwa? Agogon ba ya aika komai ga tauraro, amma da zarar ya haɗu da waya sai ya juye mata duk abin da ya tara, ita kuma ta tura wa kamfani. A cikin watan Nuwamban 2017 manhajar Strava, wadda miliyoyin 'yan gudu da masu keke ke amfani da ita, ta wallafa taswirar duniya mai nuna hanyoyin da masu amfani da ita suka fi bi. A Janairun 2018 wani ɗalibi ɗan Ostareliya, Nathan Ruser, ya lura da wasu zane-zane masu haske a tsakiyar hamada, inda babu gari. Ashe sojoji ne ke zagaye sansanoninsu suna motsa jiki. Cikin 'yan kwanaki masu bin diddigi suka fito da sansanoni a Afganistan, da Siriya, da Jibuti, har da yankin Sahel. Darasin bai shiga ba, domin a Oktoban 2024 jaridar Le Monde ta Faransa ta nuna yadda ta bi sawun shugabanni irin su Emmanuel Macron da Joe Biden ta hanyar gudun safe da dogaransu ke wallafawa.

Idan manyan rundunonin duniya sun yi wannan sakaci, ina ga babban sakatare ko ɗan kasuwa a ƙasar da satar mutane don kuɗin fansa ta zama sana'a? Taswirar gudun mutum tana faɗin ƙofar da ya fito, da ƙarfe nawa yake fita, da ranakun da yake fita, da lungun da yake bi shi kaɗai kafin gari ya waye. Bayanan da mugu zai shafe makonni yana leƙen asiri kafin ya haɗa, sai ga mai su ya ɗora a dandalin WhatsApp na tsofaffin ɗalibai don a yaba masa. Nijeriya ta samu dokar kare bayanan jama'a a 2023, amma babu dokar da za ta kare abin da mutum ya baza da hannunsa.

Maganin ba ya cin ko kwabo, kuma ya kamata a yi shi tun ranar da aka buɗe kwali. A shiga saitin manhajar a mai da duk wani aiki na sirri, ko na amintattu kaɗai. A kunna zaɓin da ke ɓoye farko da ƙarshen hanya, a ƙi karɓar abotar wanda ba a sani ba, a fita daga taswirar gama-gari. Kada a kunna agogon a ƙofar gida. A bari sai an yi nisa da layi, a kuma kashe shi kafin a dawo. Mai son nuna wa abokai ƙoƙarinsa ya tura musu nisa da lokaci, ya yanke taswirar. Jami'an tsaro da masu rakiyar manya kuwa, ya kamata hukumominsu su fitar musu da rubutacciyar ƙa'ida, kamar yadda ma'aikatar tsaron Amurka ta yi a watan Agustan 2018, lokacin da ta hana dakarunta kunna manhajojin nuna wuri a fagen aiki.