Katse ma'aikaciyar jinya da dogaro da intanet: abin da bincike ya gano

Duk wanda ya taɓa zaman jinya a asibiti ya san wannan yanayi. Ma'aikaciyar jinya tana tsaye tana ƙirga ƙwayoyin magani, sai waya ta yi ƙara, ko wani ya tare ta da tambayar yaushe likita zai shigo. Ta amsa, ta koma bakin aikinta. A idon mai kallo babu abin da ya faru, amma masu bincike sun auna abin da wannan ɗan tsaiko ke jawowa.

A shekarar 2010, Farfesa Johanna Westbrook da abokan aikinta sun wallafa sakamakon sa ido da suka yi wa ma'aikatan jinya 98 a asibitocin koyarwa biyu na birnin Sydney, a ƙasar Ostireliya, yayin da suke ba marasa lafiya 720 magani har sau 4,271. A fiye da rabin waɗannan lokuta, sai da wani abu ya katse ma'aikacin. Kowace katsewa ta zo da ƙarin kuskure na kimanin kashi 12 cikin ɗari. Haɗarin tafka babban kuskure kuwa ya tashi daga kashi 2.3 idan ba a katse aikin ba, zuwa kashi 4.7 idan an katse shi sau huɗu.

Dalilin a bayyane yake. Mai haɗa magani yana riƙe da sunan majinyaci, da adadin magani, da lokacin shan sa, duk a kansa. Da zarar hankalinsa ya karkata, wani abu na iya kuɓucewa. Wani binciken na Westbrook a sashen gaggawa ya nuna cewa likitoci ba su koma kan kashi 18.5 cikin ɗari na ayyukan da aka katse musu ba.

Asibitoci sun nemi mafita daga harkar jiragen sama. Tun 1981 hukumar sufurin sama ta Amurka ta hana matuƙa duk wata hira da ba ta shafi tuƙi ba muddin jirgi yana ƙasa da ƙafa 10,000. Da wannan dabara wasu asibitoci suka sa masu rabon magani sanya riga mai rubutun hana katsewa. Rigar ta rage matsalar, sai dai ba ta kawar da ita ba, domin wata katsewar dole ce, kamar idan jikin majinyaci ya rikice.

Ɗaya gefen maganar shi ne abin da ɗan jinya ya karanto a wayarsa kafin ya tare ma'aikaciyar. A 2002, Gunther Eysenbach da abokansa sun tattara nazarce-nazarce 79 kan shafukan lafiya na intanet, kuma kashi 70 cikin ɗari sun ce akwai matsalar inganci. Mu a Najeriya mun ɗanɗana kuɗarta a watan Agustan 2014, lokacin Ebola, sa'ad da saƙon shan ruwan gishiri da wanka da shi ya karaɗe wayoyi. Aƙalla mutum biyu suka rasu, aka kwantar da wasu.

Tun 1997 mujallar likitoci ta JAMA ta fito da ma'auni huɗu: wane ne marubucin, ina ya samo bayanin, wa ya mallaki shafin ko yake ɗaukar nauyinsa, kuma yaushe aka sabunta shi. Shafin da ya kasa amsa waɗannan, a yi hattara da shi.

Ga ma'aikacin da ya raka maigidansa ko ɗan uwansa asibiti, darasin ba wuya. A rubuta tambayoyi a ajiye har zagayen likita. Idan an ga ma'aikaciya da magani a hannu, in dai ba gaggawa ba ce, a jira ta gama, komai girman muƙamin wanda ke kwance.