Awon Zafin Jikin Bisashe Kafin Ciniki

Kowane falke da ya saba shiga kara a Potiskum ko Wudil ko Maigatari ya san yadda akan duba sa. Akan buɗe baki a ga haƙora, a taɓa tozo, a shafa kunne da gindin ƙaho, a dubi hanci ko da laima ko a bushe. Wannan sani ne na gado, kuma ba abin rainawa ba ne. Amma fa hannu yana ruɗi, gama san da ya wuni a rana fatarsa zafi gare ta ko da lafiyarsa lau, wani kuwa zazzaɓi na cinsa a ciki alhali kunnensa da sanyi. Sai a yi ciniki, a ɗora shi a mota zuwa Ikko, kafin a ƙetare Kwara ya kwanta, ya kuma shafa wa 'yan'uwansa.

Saboda haka likitocin dabbobi ba su dogara ga tafin hannu. Suna da ma'aunin zafin jiki, irin na asibiti. Na dā na gilashi ne, ana yarfa shi tukuna har ruwan da ke ciki ya sauka ƙasa. Na yanzu mai batir ne, yana ƙara in ya gama. Akan sa wani ya riƙe dabbar, a shafa wa bakin ma'aunin ɗan mai, a ɗaga wutsiya a zura shi cikin dubura a hankali, a karkata shi ya jingina da naman ciki, don in ya nutse cikin kashi ba zai faɗi gaskiya ba. Na gilashi yakan ɗauki kamar minti 2. In an zare sai a karanta, a wanke shi sarai kafin a kai ga wata dabbar.

Ɗan Adam mai lafiya yana kan digiri 37. Doki yakan ɗara shi kaɗan, wajen 38. Saniya tana tsakanin 38 da 39, tunkiya da akuya wajen 39, kaza kuwa har 41, wanda a jikin mutum zazzaɓi ne mai tsanani. Lokacin awo shi ne da sassafe, kafin rana ta yi zafi, ba kuwa bayan an koro dabbar daga nesa ba. San da aka samu da asuba ya haura 39 da rabi, lalle a ware shi daga garke a kira likita. Wanda kuma awonsa ya faɗi ƙasa ƙwarai, kamar ɗan maraƙin da zawo ya tsotse, hatsarinsa ya fi na mai zazzaɓi.

Amfanin abin shi ne zazzaɓi yakan riga sauran alamomi bayyana. Haka bushiya take yi, cutar nan da ta share shanun ƙasar Hausa da na Barno wajen 1890 har Fulani da yawa suka tsiyace. Jiki yakan yi zafi kwanaki kafin gyambon baki da zawo su fito. An buɗe ma'aikatar binciken cututtukan dabbobi a Vom a 1924, aka fara babban gangamin allura a Nijeriya da Nijar da Kamaru da Chadi a 1962, kuma a 2011 aka yi shelar bushiya ta ƙare a duniya. Amma ciwon huhu da harbin daji da annobar awaki da tumaki suna nan. Sammore kuwa, wanda ƙudan tsando ke kawowa, makiri ne, zazzaɓinsa ya zo yau ya ɓuya gobe, don haka awo ɗaya ba ya wanke dabba daga zargi, sai an maimaita kwanaki a jere.

Malamai sun san dabbar da ciwonta ya bayyana ba ta isar wa layya, kuma mai saye yana da ikon mayar da haja in ya tarar da aibin da aka ɓoye masa. Dillalin da ya auna rago ya ga 41, sa'an nan ya yi shiru ya sayar, ba shi da sauran hanzarin cewa bai sani ba. Ma'aunin ba ya faɗin sunan cutar, wannan aikin likita ne, kuma ɗura wa dabba magani a kan zato ɓarnar kuɗi ce.

Raƙumi kuwa ya saɓa wa wannan lissafi. Masu bincike da suka auna raƙuma a hamadar Aljeriya cikin shekarun 1950 sun tarar wanda ya daɗe bai sha ruwa ba yakan kwana a kan digiri 34, da la'asar ya haura 40, ba don ciwo ba. Yana tara zafin rana ne a jikinsa maimakon ya zubar da ruwa ta gumi, in dare ya yi sanyi ya sake shi. Mai sayen raƙumi daga hannun Azbinawa sai ya auna shi da safe, bayan ya sha ruwa ya huta.