Tiyatar rage ƙiba: rage tumbi da kewaye tumbi

Tiyatar rage ƙiba aiki ne da likitocin fiɗa ke yi wa tumbi, wani lokaci har da ƙaramin hanji, domin mai ƙiba mai tsanani ya rage nauyi, ya kuma samu sauƙin cututtukan da ke tafiya da ƙibar, kamar ciwon sukari nau'i na biyu, hawan jini, ciwon gwiwa da ɗaukewar numfashi a cikin barci. Iri biyu aka fi yi a duniya: tiyatar rage tumbi, wadda ma'aikatan asibiti ke kira silif, da tiyatar kewaye tumbi, wadda suke kira baifas. Dukansu suna rage nauyi sosai. Abin da ke raba su shi ne yadda kowace ke tafiya da ƙwarnafi da ciwon sukari, da kuma irin kulawar da take buƙata daga mutum har ƙarshen rayuwarsa.

Waɗanda ake yi wa

Ana auna ƙiba da ma'aunin BMI, wato nauyin mutum a kilo a raba da tsawonsa a mita sau tsawonsa. Mace mai tsawon mita 1.6 da nauyin kilo 100, BMI ɗinta 39 ne. A shekarar 1991 Cibiyoyin Lafiya na Ƙasa na Amurka suka tsayar da cewa a yi tiyatar ga mai BMI 40 zuwa sama, ko mai 35 idan yana da wata cuta da ƙibar ta jawo. A 2022 ƙungiyar likitocin wannan fanni ta Amurka, ASMBS, da ta duniya, IFSO, suka sassauta: daga 35 zuwa sama ko babu wata cuta, sannan daga 30 ga mai ciwon sukari ko makamancinsa.

Tarihi

Edward Mason na Jami'ar Ayowa a Amurka ne ya fara tiyatar kewaye tumbi a 1966, bayan ya lura cewa waɗanda aka yanke wa wani sashen tumbi saboda gyambon ciki ba sa ƙara yin ƙiba. A 1977 aka gyara aikin ta hanyar haɗa hanji a siffar harafin Y, dabarar da César Roux, likitan fiɗa ɗan ƙasar Suwizalan, ya bayyana tun ƙarshen ƙarni na 19. A 1993 Alan Wittgrove ya yi ta ta ƙananan huda da kyamara, ba tare da tsaga ciki ba, kuma haka ake yin kusan dukkan irin wannan tiyata a yau.

Rage tumbi ta zo daga baya. Asalinta sashe ce ta wata babbar tiyata da Douglas Hess ya fara a 1988. A farkon shekarun 2000 likitoci suka riƙa yin wannan sashen shi kaɗai ga masu matsanancin nauyi, da nufin su ƙarasa sauran aikin idan nauyin ya sauka. Sai aka ga da yawa ba sa buƙatar zango na biyu. Yanzu ita aka fi yi a duniya.

Yadda ake yin kowace

A tiyatar rage tumbi, likita yana yanke kusan kashi 75 zuwa 80 cikin ɗari na tumbin, ya fitar da shi daga jiki gaba ɗaya. Abin da ya rage siriri ne kamar ayaba. Ba a taɓa hanji, abinci yana bin hanyarsa ta da. Sashen da aka cire shi ne ya fi samar da girelin, sinadarin da ke tayar da yunwa, shi ya sa sha'awar abinci ke raguwa. Abin da aka yanke ba ya dawowa.

A tiyatar kewaye tumbi, ana keɓe 'yar ƙaramar jaka a saman tumbi, wadda ba ta wuce girman ƙwai ba, mililita 15 zuwa 30. Sai a yanke ƙaramin hanji, a jawo ɓangarensa na ƙasa a haɗa da jakar. Sauran tumbin yana nan a jiki, yana ci gaba da fitar da ruwansa, amma abinci ba ya ratsa shi, haka ma farkon hanji. Ruwan tumbi da na matsarmama suna haɗuwa da abincin can ƙasa, bayan kamar santimita 100 zuwa 150. Sunan baifas daga nan ya fito, kamar titin da ke kewaye gari. Saurin isar abinci ƙasan hanji yana ƙara fitar sinadarin GLP-1, wanda ke sa ƙoshi, ya kuma taimaka wa insulin. Saboda haka sukarin jini kan sauka cikin 'yan kwanaki, tun kafin nauyi ya ragu.

Abin da bincike ya nuna

A watan Janairun 2018 mujallar JAMA ta buga bincike biyu da aka raba marasa lafiya ta hanyar ƙuri'a tsakanin tiyatocin biyu. A na Finlan, SLEEVEPASS, mai mutum 240, bayan shekara 5 masu rage tumbi sun zubar da kashi 49 cikin ɗari na rarar nauyinsu, masu kewaye tumbi kuma kashi 57. A na Suwizalan, SM-BOSS, mai mutum 217, bambancin nauyi bai yi yawa ba, amma na ƙwarnafi ya fito fili: cikin masu fama da shi tun farko, ya warke ga kashi 60 na masu kewaye tumbi, da kashi 25 kacal na masu rage tumbi. Ya kuma ƙaru ga kusan kashi 32 na masu rage tumbi, da kashi 6 na ɗaya ɓangaren.

Game da ciwon sukari, binciken STAMPEDE na asibitin Kilibilan a Amurka ya bi mutum 150. Bayan shekara 5, sukari ya daidaita ga kashi 29 na masu kewaye tumbi, kashi 23 na masu rage tumbi, da kashi 5 na waɗanda aka bari a kan magani kawai.

Abubuwan da ake dubawa wajen zaɓi

Ƙwarnafi. Siririn tumbi yana da matsi a ciki, yana tura ruwa mai tsami sama. Mai ƙwarnafi mai tsanani, ko wanda bututun abincinsa ya riga ya ƙone, kewaye tumbi ta fi dacewa da shi. Wasu da aka yi wa rage tumbi daga baya ana mayar musu da ita kewaye tumbi saboda wannan dalili.

Ciwon sukari. Idan ya daɗe, ko mutum ya kai ga allurar insulin, likitoci da yawa sun fi karkata ga kewaye tumbi.

Magungunan ciwon jiki. Ibuprofen, diclofenac da piroxicam suna jawo gyambo a mahaɗar jaka da hanji, haka ma shan taba. Wanda ciwon gaɓoɓi ba zai bar shi ya rabu da su ba, rage tumbi ta fi masa sauƙi.

Ƙarancin jini. Farkon hanji ne ya fi tsotse sinadarin ayon da kalsiyam, kuma shi ake kewayewa. Masu kewaye tumbi sun fi fuskantar ƙarancin ayon, bitamin B12 da kalsiyam. Kowace aka yi, ana shan ƙwayoyin bitamin har abada, ana gwajin jini aƙalla sau ɗaya a shekara.

Haihuwa. Rage nauyi yana buɗe haihuwa ga matan da ƙiba ta hana. Ana ba da shawarar a jinkirta ɗaukar ciki wata 12 zuwa 18, lokacin da nauyi ke zuba da sauri. Bayan kewaye tumbi ba a dogara da ƙwayar tazarar haihuwa ta haɗiya, don jiki ba lallai ya tsotse ta yadda ya kamata ba.

Leƙa tumbi. Bayan kewaye tumbi, kyamarar da ake zurawa ta baki ba ta isa ga sauran tumbin cikin sauƙi. Don haka ake gwada ƙwayar cutar Helicobacter pylori, mai jawo gyambo da sankarar tumbi, a kashe ta kafin aiki. Ƙwayar ta yaɗu ƙwarai a arewacin Najeriya.

Haɗurra

A manyan cibiyoyi, mutuwa sanadin aikin ba ta cika wuce mutum 1 zuwa 3 cikin 1,000 ba. Babban abin tsoro a makonnin farko shi ne yoyon ɗinki, zubar jini da daskarewar jini a jijiya. Alamarsu bugun zuciya da sauri, zazzaɓi, ciwon ciki ko na kafaɗar hagu, da wahalar numfashi. Amai da ya ƙi tsayawa yana ƙarar da bitamin B1, abin da ke iya taɓa ƙwaƙwalwa. Tsakuwar matsarmama tana fitowa bayan kowace irin tiyatar.

Kewaye tumbi tana da haɗarinta na daban: hanji kan zame cikin wani gurbi da aikin ya bari, ya murɗe, ko bayan shekaru. Wannan yana buƙatar hoton CT da tiyatar gaggawa. Akwai kuma abin da ke faruwa idan zaƙi ya faɗa hanji lokaci guda: jiri, gumi, faɗuwar gaba, murɗar ciki da zawo.

A Najeriya

Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 28 cikin ɗari na matan Najeriya 'yan shekara 15 zuwa 49 nauyinsu ya wuce ƙima, kashi 58 kuma suna da ƙarancin jini. Ƙiba ta fi yawa a birane da kudu. A karkarar Jigawa rashin isasshen abinci mai gina jiki ne ya fi damun jama'a, amma ƙiba mai tafe da ciwon sukari ba baƙuwa ba ce a cikin 'yan kasuwa, ma'aikata da matan aure.

An fi yin wannan tiyata a asibitoci masu zaman kansu a Legas da Abuja. Wasu kuma suna fita Masar, Indiya, Turkiyya ko Dubai, su dawo bayan mako ɗaya ko biyu. Ga mutumin masarautar Gumel, wato ƙananan hukumomin Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar, nisa yana cikin lissafi. Daga Gumel zuwa Kano, inda Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yake, kimanin kilomita 120 ne, daga ƙauyukan bakin iyakar Nijar kuma ya fi haka. Murɗewar hanji ba ta jira. Wanda zai dawo gida bayan aiki yana buƙatar rubutaccen bayanin irin tiyatar da aka yi masa, likitan da zai riƙa bibiyarsa, wurin gwajin jini, da tabbacin samun bitamin kowane wata. Rage tumbi ta fi sauƙin bibiya ta wannan fuska, amma sauƙin ba ya amfanar wanda ƙwarnafi zai hana barci.

Ci da sha bayan tiyata

Ana farawa da ruwa-ruwa, sannan abinci mai laushi, a kai ga mai tauri bayan kamar mako 4 zuwa 6. Ana son giram 60 zuwa 80 na furotin a rana, daga ƙwai, wake, awara, kifi, kaza da nono. Su ake fara ci, tuwo ya biyo baya da loma kaɗan. Fura mai sukari, kunun zaƙi da lemon kwalba suna wucewa ba tare da sun ƙosar ba, su ne kan dawo da nauyi, kuma su ne ke tayar da jiri ga masu kewaye tumbi. Ba a haɗa ci da sha lokaci guda.

Da bazara, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a arewacin Jigawa, ƙaramin tumbi ba ya ɗaukar kofi guda a tashi ɗaya, sai dai a yi ta kurɓa duk yini. Wannan ne ya sa likitoci ke hana azumi a watannin farko bayan aiki, shari'a kuma ta yi wa marar lafiya rangwame ya rama daga baya. Wanda ya warware ya koma azumi, ana so ya buɗe baki a hankali, ya rarraba abincinsa da ruwansa daga magariba zuwa sahur.